Word ko LibreOffice: ina ruwan manhajar ofis da haƙƙin ɗan wasa makaho?

Tambayar ta zo daga wani matashi a Makka da ke riƙe da takardun wasu 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman waɗanda ke atisaye tare, wasu makafi masu buga golbol, ƙwallon nan mai ƙararrawa a ciki, wasu kuma masu tseren keken guragu. Ya ce gardama ta kaure a tsakaninsu kan manhajar da za su riƙa rubuta takardu da ita. Wasu na son Word da Excel duk da kuɗin da ake biya, wasu sun ce a koma LibreOffice ko WPS tunda ba a biyan ko sisi, wasu kuma Google Docs. Sai wani makaho a cikinsu ya ce wannan magana ce ta haƙƙin ɗan Adam, aka yi masa dariya. Yana tambaya: shin da gaske ne, ko dai an kai maganar inda ba ta kai ba? Kuma in aka zalunci ɗan wasa a gasar duniya, ina ake kai kuka?

Malam Sakatare, Allah ya saka maka da alheri da wannan ɗawainiya. Na daɗe ina koya wa makafi kwamfuta a nan Jidda, ina kuma taya 'yan wasa haɗa takardun gasa, don haka daga abin da hannuna ya taɓa zan amsa maka. Wanda kuka yi wa dariyar ya fi ku gaskiya. Sai dai abin da zai cuce shi bai tsaya ga sunan manhaja ba, har da yadda kai kake shirya takardar a cikinta.

A wasannin naƙasassu na duniya babu mai taka fili sai ya bi ta takarda. Lokacin da Dakta Ludwig Guttmann ya haɗa mutum 16 suka yi harbin kibiya a asibitin Stoke Mandeville na Ingila ranar 29 ga Yulin 1948, likitan ya san kowa da ciwonsa, ba a buƙatar wani fom. A gasar Paralimfik ta farko, wato Olamfik ta naƙasassu, a Roma a 1960 'yan wasa 400 ne daga ƙasashe 23. A Faris a 2024 sun kai kusan 4,400. Da yawa ya zo, dole aka tsara yadda za a raba mutane rukuni-rukuni, don kada mai ɗan sauran gani ya yi tsere da wanda ba ya ganin komai. A guje-guje, makafi suna cikin T11 da T12 da T13, T11 su ne waɗanda ganinsu ya fi tafiya, suna rufe ido su yi gudu da ɗan jagora. Usama Alshanƙiti da ya ciwo wa Saudiyya zinare a tsallen ɗingishi a Beijin a 2008 yana rukuni na 12 ne. Abdurrahman Alƙurashi da ya ci zinaren mita 100 a Faris yana T53, rukunin masu keke da ƙugunsu ba ya taimaka musu wajen turawa. Harafi ɗaya da lamba biyu, amma su ke faɗa wa mutum da wa zai kara tsawon shekaru.

Kafin masu tantancewa, wato masu sa mutum a rukuninsa, su ga ɗan wasa ido da ido, sai an aika musu da fom ɗin bayanin likita, a cike da Turanci, da sa hannun likitan da ya dace, ga makaho likitan ido, haɗe da sakamakon gwaje-gwaje da ba su tsufa ba. Ana ɗora shi a rumbun bayanan hukumar wasan makonni kafin gasa. In ya makara ko ya zo da giɓi, ba a tantance mutum, wanda ba a tantance ba kuwa ba ya wasa, ko da ya riga ya sayi tikiti. Tsananin yana da dalili. A gasar Sidni ta 2000 Sifaniya ta ci zinaren ƙwallon kwando na masu raunin fahimta, daga baya wani ɗan jarida da ya shiga cikin 'yan wasan ya tona cewa goma daga cikin 12 lafiyarsu ƙalau. Aka karɓe lambar, aka kuma rufe wa duk masu raunin fahimta ƙofar gasar har zuwa Landan 2012. Masu laifi 'yan kaɗan, amma waɗanda suka biya bashin dubbai ne da ba su ji ba ba su gani ba. Tun daga nan takarda ta ƙara nauyi.

To ka duba yadda takardar nan ke yawo a tsakaninmu. Likita ya cike fom da biro, ya buga hatimi. Sakatare ya shimfiɗa shi a kan darduma, ya ɗauke shi hoto da waya, inuwar hannunsa ta rufe gefe ɗaya, ya tura a WhatsApp ya ce wa ɗan wasa ya duba. Wayar makahon tana da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, TalkBack in Android ce, VoiceOver in iPhone ce. Ya ɗora yatsa a kan saƙon, sai ta ce masa "hoto", ta yi shiru. Ke nan bayanin idonsa ne, sunansa ne a kai, makomar wasansa ce a ciki, amma shi kaɗai ne a zauren bai san me aka rubuta ba. Sai ya nemi ƙaninsa ko wani abokin masallaci ya karanta masa, sirrin lafiyarsa ya fita. In kuma an juya idon dama da na hagu, ko an rubuta sunansa daban da na fasfo, ba zai sani ba sai a ɗakin tantancewa. Akwai hanyoyin da manhaja ke ƙoƙarin ciro rubutu daga hoto, suna taimakawa a rubutun inji, amma rubutun hannun likita da hatimi a kansa ko mai ido biyu yana shan wuya.

Wannan shi ne haƙƙin da mutuminku yake nufi, kuma a rubuce yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disambar 2006 ta fara aiki a Mayun 2008, ta yi maganar wasanni a sashe na 30. Sashe na 9 ya haɗa fasahar sadarwa cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa, daidai da gine-gine da motocin haya, sashe na 21 kuma ya ce a ba mutum bayani ta sigar da zai iya karantawa. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar a 2008, Sudan a 2009, Nijeriya a 2010. An ma taɓa yin shari'a a kan irin wannan tun kafin yarjejeniyar. Wani makaho ɗan Ostireliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya Olamfik ta Sidni saboda shafinsu na intanet ba ya karantuwa da manhajar makafi, hotuna ba bayani, jadawalin sakamako a birkice. Hukumar kare haƙƙi ta ƙasar ta ba shi gaskiya a Agustan 2000, daga baya aka ce a biya shi dalar Ostireliya 20,000.

Yanzu ga manhajojin. Ra'ayina, in har babban burinku shi ne makafinku su karanta su kuma gyara takardunsu da kansu a kan kwamfuta mai Windows, Word ya fi sauran. Ba don ina son kamfanin ba. Masu ƙera manhajojin karanta allo sun shafe shekaru suna daidaita su da Word da Excel, saboda su ake amfani da su a ofisoshin da makafi ke neman aiki. JAWS, wadda Ted Henter ya ƙirƙiro bayan ya makance a haɗarin mota, ta kuɗi ce kuma da tsada. NVDA kuwa kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun 2006, tana kuma magana da Larabci. Da NVDA a cikin Word, makaho zai shiga yanayin lilo ya danna harafin H ya riƙa tsalle daga kan magana zuwa kan magana, ya isa sashen da yake nema cikin daƙiƙa kaɗan. Amma fa sai in kai da ka rubuta ka sa kanun da salon kanu na cikin manhajar. In ƙara girman harafi kawai ka yi ka kaurara shi, a idonka kanu ne, a kunnensa layi ne kamar kowane layi, sai ya saurari shafi goma daga farko. Tun Office 2010 akwai maɓallin da ke duba maka irin waɗannan kurakurai, har da hoton da ba ka rubuta masa bayani ba. Mutane kaɗan ne suka taɓa danna shi.

Masu cewa a koma manhajar kyauta su ma ba shirme suke yi ba, kuma gardamarku ta girme ku. A 2005 gwamnatin jihar Massachusetts ta Amurka ta yanke shawarar mayar da takardunta tsarin ODF, buɗaɗɗen tsarin da ba mallakar kamfani ɗaya ba, da hujjar cewa takardun jama'a bai kamata su zama a hannun ɗan kasuwa ba. Hujja ce mai kyau ta 'yanci. Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan shirin kuwa makafin ma'aikata ne, domin manhajojin da ke buɗe ODF a lokacin ba sa jituwa da JAWS, ana shirin 'yantar da takarda a raba su da aikinsu. Wannan rigimar ce ta sa aka gyara tsarin ODF ɗin, IBM kuma ta fito da wata hanya da manhajar ofis za ta riƙa bayyana kanta ga mai karanta allo. LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, ta gaji wannan gyaran. Daga fitowa ta 7.0 a 2020 tana da nata mai duba sauƙin karatu, tana kuma fitar da PDF mai tsari irin na makafi. NVDA na aiki da ita, rubuta wasiƙa da rahoto ba matsala. Inda take ba da haushi shi ne fom ɗin da wata hukuma ta tsara a Word: ka buɗe shi ka tarar layuka sun goce, akwatuna sun hau juna, musamman in Larabci da Turanci sun haɗu a shafi ɗaya. Fom ɗin da ya canza kama kuwa ana iya mayar maka da shi.

Akwai wata hujjar da 'yan'uwanmu da suka zo daga Sudan suka fi kowa sani, ka tambayi duk wanda ke cikinku daga Mai Wurno ko Kasala ko Umdurman. Daga 1997 zuwa 2017 takunkumin Amurka ya hana mutanen Sudan sayen manhajoji da hidimomi da yawa ta halastacciyar hanya, an ɗan sassauta na kayan sadarwa a 2015. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, a Fabrairun 2024 intanet ta ɗauke a mafi yawan ƙasar. Wanda takardunsa ke zaune a rumbun wani kamfani a wata nahiya, ko manhajarsa ke neman ta tabbatar da rajistarsa ta intanet, ya zama kamar mai ajiya a ɗakin da makullinsa ke aljihun wani. Don haka ko da Word kuka zaɓa, ku saka LibreOffice a kwamfutar ku ajiye, ba ta cin komai, tana aiki ba intanet, tana buɗe fayilolin Word. Ku kuma riƙe kwafin komai a filas biyu, ba a gida ɗaya ba.

Google Docs yana da daɗi wajen rubutun haɗin gwiwa, kuma yana da wurin kunna tallafin mai karanta allo, sai dai makaho na buƙatar koyon wasu maɓallan daban, kuma in intanet ta yi rauni sai a hankali. Ku yi ajandar taro da jadawalin atisaye a cikinsa. Takardar likita kam kar ta shiga wani fayil da "duk mai mahaɗin zai iya buɗewa". Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fara aiki a Satumbar 2023, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. WPS na kamfanin Kingsoft na Sin ne, mutanenmu na son sa don yana da sauƙi a waya, amma kar ku ɗora aikin ƙungiya a kansa sai makafinku sun gwada shi da kunnensu sun ce ya yi. Kwafin sata na Office da masu gyaran kwamfuta ke saka wa mutum a riyal kaɗan, shi kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ba a san me aka cusa a ciki ba, ga fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, da rahoton asibitin mutane a kan injin.

Excel na da nasa tarkon, kuma a nan ƙasar ya fi kamawa. Da yawa daga yaranmu ranar haihuwarsu a wata takarda ta Hijira ce, a fasfo ta Miladiyya, kuma juyawar kan kawo bambancin kwana ɗaya. Ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar wanda ya karɓa ta karanta 4 ga Maris. Ka kwafi abin da ke fasfo harafi da harafi, ka rubuta sunan wata da kalma in fom ya yarda. Sunan ma haka: Muhammad da Mohammed da Mohamed mutum uku ne a wurin rumbun bayanai. Sannan ka daina haɗe akwatuna don ado, ka daina nuna wanda bai kawo takarda ba da jan launi kawai. Ka buɗe shafi guda ka rubuta "bai kawo ba". NVDA na karanta akwati-akwati ne, launi ba ya shiga kunne sai an tsaya an tambaye shi. PDF ɗin Larabci ma ka gwada shi kafin ka tura, domin sau da yawa haruffan kan fito a wargaje ko a juye ga mai karanta allo duk da a ido lafiya lau suke. In ka tura PDF, ka haɗa da fayil ɗin Word ɗin.

Sai batun kai kuka, inda zan so ka rage tsammani. In ɗan wasa bai yarda da rukunin da aka sa shi ba, dokar tantancewa ta kwamitin Paralimfik na duniya, mai hedikwata a Bon ta Jamus, ba ta ba shi damar shigar da ƙorafi da kansa ba. Hukumar wasan ta ƙasarsa ko kwamitin Paralimfik na ƙasarsa ne ke shigarwa a madadinsa, da fom, da kuɗin ajiya, cikin wa'adi gajere ƙwarai, wanda a wurin gasa da awa ake lissafa shi. Wannan ƙorafi ne kan rukunin kansa. In kuwa hanyar da aka bi ce ba daidai ba, wannan ɗaukaka ƙara ce, tana zuwa wani kwamiti na daban, shi kuma ba ya canza rukuni, iyakarsa ya soke hukuncin ya ce a sake. Ka ga ke nan wanda fom ɗinsa ke shirye a kwamfuta tun daga gida, da kwafin rahoton likita a jere, shi ke cin moriyar wannan ɗan lokaci.

Wani abin da ke ci wa Hausawan nan tuwo a ƙwarya shi ne ƙasa. A gasar duniya mutum na wakiltar ƙasar da yake riƙe da fasfonta. Yaron da aka haifa a Shara Mansur ta Makka, bai taɓa ganin Kano ba, amma fasfonsa na Nijeriya ne ko Nijar ko Sudan, takardunsa ta kwamitin can za su bi, komai daɗewar iƙamarsa. Wasiƙa ce za ta yi masa tafiyar, don haka dole ta zama wadda kowace kwamfuta za ta buɗe. Akwai tawagar 'yan gudun hijira, wadda a Faris ta ci lambobinta na farko ta hannun Zakia Khudadadi 'yar Afganistan a taikwando da Guillaume Junior Atangana ɗan Kamaru a mita 400 na makafi, amma tawagar mutum takwas ce kacal, kuma sai mai tabbataccen matsayin gudun hijira.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu da ke Janiba, mai ƙwararru 18, yana karɓar koken ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashen da suka amince da hakan. Ɗan Nijeriya makaho, Ɗanlami Basharu, ya taɓa shugabantarsa, an zaɓe shi a 2019. Sai dai gwamnatoci yake tuhuma, kuma sai an ƙare hanyoyin cikin gida, shari'ar na cin shekaru. Kwamitin Paralimfik ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ƙasa ba, yarjejeniyar ba ta ɗaure shi kai tsaye. Abin da ya shafi filin atisaye ko shiga gini a nan, ku fara da hukumar kula da naƙasassu ta Saudiyya da aka kafa a 2018, da wasiƙa mai ladabi, mai kwanan wata, mai faɗin abu ɗaya da ake so a gyara. Kafin ka tura kowace wasiƙar koke, ka sani fayil ɗin Word na ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da gyare-gyaren da aka yi da sharhin da kuka yi wa juna a gefe. Akwai wurin share su a cikin manhajar, ka share, sannan ka mayar da ita PDF.

Shawarar da zan ba ku ita ce kar ku yanke hukunci da ƙuri'ar masu ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗauki fom ɗaya na gaske, ka zaunar da makafinku biyu a gaban kwamfutar da aka saka wa NVDA, ka kashe allon, ka ce su nemo ranar haihuwarsu su gyara ta a Word, sannan a LibreOffice, sannan a duk wadda wani ke yi wa kamfe. Wadda suka gama da ita ba tare da sun kira ka ba, ita ce taku. In Word ce ta ci kuma kuɗi ya yi wuya, rajista ɗaya ta isa kwamfutar sakatare, akwai kuma na intanet da ake amfani da shi kyauta da asusu. Masu keke da sauran da ke gani su yi da duk wadda suka saba, muddin sun ajiye fayil a tsarin docx, wato na Word.

Mafi yawan 'yan wasanku ma a waya za su karanta saƙonka, ba a kwamfuta ba. Sanarwar atisaye da ranar tafiya ka rubuta su da hannunka a cikin saƙon, ko ka yi su da murya ka kuma rubuta don kurame. Fastar nan mai ado da ake haɗawa, in dole sai an yi ta, ka biyo ta da rubutun a ƙasa, da wuri da rana da lokaci.